I'INA GA YARA: UWA, KI YI HAƘURI KI SAURARA

Uwargida, ko ɗanki yana maimaita farkon kalma, kamar "ba-ba-baba", ko maganar ta sarƙe masa? Wannan ita ce i'ina. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5. Cikin yara 100, wajen 5 sukan yi ta. Yawancinsu sukan daina da kansu, amma ta fi daɗewa ga maza.

Masu bincike sun gano cewa sau da yawa gadonta ake yi, kuma tushenta yadda ƙwaƙwalwa ke tsara magana. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba laifinki ba ne. Hankalinsa lafiya lau.

ABIN YI:
1. Ki bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa.
2. Ki riƙa yi masa magana sannu a hankali.
3. Ban da duka da tsawa. Ki hana 'yan'uwansa kwaikwayonsa.
4. Kada a kai shi wanzami ya tsaga masa harshe.

In ta wuce wata 6, ko yana runtse ido yana yunƙuri kafin magana ta fito, ki kawo shi asibiti. Ba ƙwaya ake sha ba, koyar da magana ake yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.