Yadda Al'ummar Yahudawa Ke Gina Juriya da Lafiyar Zuciya a Tsakanin Matasanta

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa da yawan fargaba. Wannan matsala ba ta ƙyale kowace al'umma ba, sai dai kowa da irin hanyar da yake bi wajen tunkarar ta. Wannan maƙala za ta dubi yadda Yahudawa ke tallafa wa matasansu don su iya jure wahalhalun rayuwa. Yahudawa ba su kai miliyan 16 ba a duniya baki ɗaya, kuma mafi yawansu suna zaune ne a Isra'ila da Amurka, sai kuma Faransa da Kanada da Ingila. Saboda irin tarihin da suka ratsa, wasu daga cikin fitattun masanan da suka yi nazarin juriya daga cikinsu suka fito. Maƙalar ta taƙaita ne a kan tarbiyya da lafiyar matasa, ba ta shiga fagen siyasa ba.

Mece ce Juriya?

A fagen nazarin halayyar ɗan'adam, juriya ita ce iya farfaɗowa da ci gaba da rayuwa bayan mutum ya gamu da masifa. Ta bambanta da yin shiru ana cin wuya, domin mai juriya yana kuka, yana kuma neman taimako, amma ba ya durƙushewa har abada.

Masanin da ya fi fito da wannan batu fili shi ne Aaron Antonovsky, wanda aka haifa a Amurka a 1923, ya koma Isra'ila a 1960. A wajen 1970 ya yi bincike a kan lafiyar mata masu matsakaicin shekaru. Daga cikinsu akwai waɗanda suka tsira daga sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi, a zamanin da aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gano cewa kashi 29 cikin 100 na matan da suka tsira suna cikin ƙoshin lafiyar zuciya, alhali a cikin waɗanda ba su shiga sansanonin ba adadin ya kai kashi 51. Bai yi mamakin wannan tazara ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda aka yi har aka sami kashi 29 ɗin. Daga nan sai ya juya tambayar da likitoci suka saba yi. Maimakon a tsaya ga abin da ke kawo cuta, shi ya nemi sanin abin da ke riƙe mutum cikin lafiya.

A littafin da ya wallafa a 1987, Antonovsky ya nuna cewa juriya tana tsaye ne bisa duwatsun murhu uku. Na farko, mutum ya fahimci abin da ke faruwa da shi. Na biyu, ya san yana da abin dogaro, ko a kansa ko a wurin mutanensa. Na uku, ya ga cewa rayuwarsa tana da ma'anar da ta cancanci a sha wahala dominta. Wannan na uku shi ne tun da farko Viktor Frankl ya jaddada, wato likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya rasa iyayensa da matarsa a sansanonin, ya kuma wallafa labarin abin da ya gani a 1946.

Kaya Biyu a Kai Ɗaya

Matashin Bayahude a Niyok ko Landan yana fama da abin da tsararrakinsa ke fama da shi: jarrabawa da gasar shiga jami'a da ƙarancin barci da kwatanta kai da wasu a kafofin sada zumunta. Kullen annobar korona a 2020 ya ƙara dagula lamarin, har ta kai a watan Disamba na 2021 babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da gargaɗi na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa.

A kan wannan kaya kuma akwai wani. Da yawansu jikoki ne ko tattaɓa-kunnen waɗanda suka tsira daga kisan kiyashi, sun tashi suna jin labarin a gida. A ranar 27 ga Oktoba, 2018, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wani wurin ibadarsu a birnin Pittsburgh na Amurka, abin da ya sa aka ƙara masu gadi a ƙofofin makarantu da majami'u. Sai kuma harin ranar 7 ga Oktoba, 2023, wanda ya ci rayuka kimanin 1,200 a Isra'ila, da yaƙin Gaza da ya biyo baya, inda dubun-dubatar Falasɗinawa suka rasa rayukansu, da yawa daga ciki yara ƙanana. Bayan haka, ɗalibi ɗan shekara 15 a wata ƙasa mai nisa kan tsinci kansa ana tuhumarsa a kan matakin gwamnatin da bai zaɓa ba. Wasu sun riƙa ɓoye 'yar ƙaramar hular da maza ke sawa don gudun tsangwama. Wasu kuma ra'ayinsu a kan yaƙin ya saɓa da na iyayensu, sai saɓanin ya shigo har cikin gida.

Tsofaffin Al'adu da Duwatsun Murhu Uku

Idan aka dubi al'adun Yahudawa da ma'aunin Antonovsky, za a ga da yawansu suna ƙarfafa waɗannan duwatsu uku tun kafin masana su raɗa musu suna.

Ta fuskar fahimta, akwai liyafar daren Idin Ƙetarewa. A wannan dare iyali kan taru a kan abinci a maimaita labarin fitar Bani Isra'ila daga ƙangin Fir'auna a Masar, kuma ƙaramin yaro ne ake ba damar yin tambayoyi huɗu da ke buɗe labarin. Amfanin irin wannan zama ya fito a wani bincike da Marshall Duke da Robyn Fivush suka soma a Jami'ar Emory ta Amurka a 2001. Sun yi wa yaran iyalai 48 na Amurkawa tambayoyi 20, irin su inda kakanninsu suka girma, da inda iyayensu suka haɗu, da wata masifa da ta taɓa afka wa dangi. Yaran da suka fi sanin tarihin gidansu su ne suka fi yarda da kansu da kwanciyar hankali. Masanan sun ƙara da cewa labarin da ya fi amfani shi ne mai hawa da sauka, wanda ke nuna an faɗi an kuma tashi. Yaron da ya ji haka, in tasa wahalar ta zo, ya san ba a kansa farau ba.

Ta fuskar abin dogaro, akwai bikin balaga, wanda ake kira bar mitzba ga namiji ɗan shekara 13, da bat mitzba ga mace 'yar shekara 12 ko 13. Yaro kan shafe watanni yana shiri, sannan ya tsaya gaban jama'a ya karanta wani sashe na Attaura da Ibrananci, ya kuma yi ɗan jawabi. A daidai shekarun da yaro ke shakkar kansa, sai al'umma ta ɗora masa aiki mai wuya, ta koya masa, ta taru ta shaida ya iya. Haka nan idan aka yi rasuwa, iyali kan yi zaman makoki na kwana 7 da ake kira shiba, maƙwabta na kawo abinci, kuma addu'ar da ake yi wa mamaci tana bukatar mutum 10. Ta haka ba a barin mai baƙin ciki shi kaɗai.

Ta fuskar ma'ana kuwa, ana koya wa matasa cewa sadaka wajibi ce, kuma gyaran duniya aikin kowa ne. Saboda haka ƙungiyoyinsu kan kai su rabon abinci ga mabukata da ziyarar tsofaffi. Sai kuma hutun Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa shigar daren Asabar, inda masu kiyaye shi sosai ba sa taɓa waya ko talabijin na tsawon kimanin awa 25. Daga wannan al'ada ce wata ƙungiyar Yahudawa mai suna Reboot ta ƙirƙiro ranar ajiye waya ta shekara-shekara a 2010, wadda har waɗanda ba Yahudawa ba suka karɓa.

Ƙungiyoyi da Sansanonin Hutu

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1924 wasu samari a birnin Omaha na Amurka suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama BBYO. Wasu irinta sun biyo baya, kamar NFTY a 1939 da USY a 1951 da NCSY a 1954. Abin lura shi ne a irin waɗannan ƙungiyoyi matasa kan zaɓi shugabanninsu su tsara tarukansu, manya kuwa sai ba da shawara. Akwai kuma sansanonin hutun bazara, inda yara kan yi makonni nesa da gida ƙarƙashin kulawar yayyensu 'yan jami'a. A nan yaron da shi kaɗai ne Bayahude a ajinsu yakan huta da yi wa mutane bayanin kansa.

Sababbin Matakai

Duk da haka, shugabannin al'ummar sun gane cewa al'ada ba ta maye gurbin likita. A Ingila an kafa ƙungiyar Jami a 1989 don kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. A 2016 ta buɗe wani shagon shan shayi a unguwar Golders Green ta Landan, inda mutum zai shiga kamar kowa ya sami mai sauraronsa ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Tun 2017 kuma ake ware Asabar ɗaya a shekara don a yi maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a majami'u.

A Amurka, gidauniyar da ke kula da sansanonin hutu ta ɓullo da shirin Yedid Nefesh a 2019 don samar da ƙwararrun masu ba da shawara a sansanonin. A 2022 kuma gamayyar ƙungiyoyin Yahudawan Arewacin Amurka ta ƙaddamar da shirin BeWell. Wani babban ɓangare na irin waɗannan shirye-shirye shi ne horon taimakon gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ya samo asali daga Ostireliya. Ana koya wa malamai da iyaye da su kansu matasan alamomin haɗari, kamar janyewa daga mutane da canjin barci ko cin abinci da maganar mutuwa, da yadda za su yi tambaya kai tsaye, su saurara, su kai mutum ga ƙwararre. Dalili kuwa shi ne matashi yakan fara faɗa wa abokinsa kafin babba ya ji.

A Isra'ila, Farfesa Mooli Lahad ya yi aiki da yaran garin Kiryat Shmona da ke kan iyakar Labanan, waɗanda suka tashi cikin fargabar rokoki. Ya nuna cewa mutane suna jure wahala ta hanyoyi 6: imani, da bayyana abin da ke zuciya, da cuɗanya da jama'a, da ƙirƙira irin ta zane da wasa, da tunani da tsara mafita, da motsa jiki. Aikin malami shi ne ya gano hanyar da yaro ya fi ƙarfi a kai, ya fara da ita. Yaron da ba ya son magana ba a tilasta masa, ana iya ba shi takarda da fensir.

Ƙalubale

Babban cikas shi ne kunya. A wasu al'ummomi masu riƙo da addini sosai, inda ake haɗa aure ta hanyar bincike a kan dangi, iyaye kan ɓoye larurar ɗansu don kada ta hana shi ko 'yan'uwansa samun abokin aure. Malamai irin su Abraham Twerski, wanda malamin addini ne kuma likitan ƙwaƙwalwa, ya rasu a 2021, sun shafe shekaru suna yaƙar wannan ɗabi'a. Hujjar da ake kafawa daga cikin addinin take: ceton rai yana gaba da kusan kowace doka, har da ta hutun Asabar.

Na biyu shi ne kuɗi, domin sansanoni da makarantun al'umma suna da tsada, kuma matashin da ya fi bukatar taimako sau da yawa shi ne wanda ba ya cikin kowace ƙungiya. Na uku ya fito ne a wani bincike da BeWell ta gudanar tare da masanan Jami'ar Stanford a 2024 a kan matasa kusan 2,500. An gano cewa waɗanda suka fi ɗaukar Yahudancinsu da muhimmanci sun fi samun natsuwa, amma kuma su ne suka fi damuwa da yaƙi da ƙyamar Yahudawa. Ashe igiyar da ke riƙe mutum ita ce kuma ke jan sa idan abu ya sami danginsa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa juriya aba ce da ake ginawa, kuma ginin na jama'a ne. Matashi yana bukatar labarin da zai bayyana masa inda ya fito, da aikin da zai nuna masa yana da amfani, da mutanen da za su lura idan ba su gan shi ba. Yahudawa sun gaji waɗannan daga al'adunsu, sannan a 'yan shekarun nan suka haɗa da ƙwararrun likitoci da horar da matasa su kula da junansu. Sauran aikin da ke gabansu shi ne kawar da kunyar neman magani, da kuma isa ga matasan da har yanzu suke wajen da'ira.