Alƙibla ba kullum gabas take ba

Mu a nan mun saba, in an ce alƙibla sai mu ce gabas. To amma fatauci yana kai mu Kwatano da Dubai har ƙasar Sin. Ɗan kasuwar da ya sauka Dubai ya fuskanci mafitar rana, ya juya wa Ka'aba baya ke nan, don can Makka tana yamma.

Maganin abin shi ne kamfas. Mu ajiye shi a ƙasa mai daidai, nesa da sikeli ko mota ko ƙofar ƙarfe, domin ƙarfe yana ruɗa allurar. In ta tsaya, mu juya kamfas ɗin har allurar ta hau alamar arewa, sannan mu ƙirga zuwa hannun dama. Maraɗi da Damagaram lambarsu wajen 71, Yamai 72, Tawa 74, Kwatano 64, Dubai kuwa 258.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kafin mu ɗaure kaya mu tambayi lambar garin da za mu, mu rubuta. Allah ya karɓi sallolinmu.