Kiwon Kifi A Cikin Ɗaki A Ingila

A ƙasar Hausa in aka ambaci kifi, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne masunta da komarsu, ko kuwa romon tarwaɗa. Muna kiwon doki, muna kiwon tantabaru, kyanwa ma akan bar ta a gida saboda ɓera. Amma ni ban taɓa ganin wanda ya ajiye kifi a ɗakinsa don kallo kaɗai ba, sai da na zo Ingila aikin koyar da Hausa. A nan kuwa abin ruwan dare ne. Sai ka ga akwatin gilashi cike da ruwa a falon gida, ko a ɗakin jiran likitan haƙori, ko a makarantar yara, kifaye suna ta kai da kawowa a ciki, ba mai niyyar cinsu.

Ba na ɓoye muku, da fari dariya abin ya ba ni. Ran nan na iske tsohuwar da mu ke haya a gidanta ta yi tagumi, idonta ya yi ja. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce kifinta ne ya mutu, shekararsu tara tare. Na ba ta haƙuri da baki, amma a zuci ina cewa lalle Turawa sun rasa abin kuka. Ashe nawa yana nan tafe.

Mafarin abin

Mutanen Sin su ne suka fara wannan al'ada, fiye da shekara dubu ke nan. Sun lura cewa a cikin wani irin kifi mai ruwan toka da su ke kiwo don ci, akan sami ɗaya ɗaya ya fito ja ko rawaya. Sai suka riƙa ware waɗannan, suna haɗa su da juna, har aka sami irin da a ke kira kifin zinariya. A zamanin sarakunan Song, watau daga 960 zuwa 1279, kiwonsa ya riga ya kafu. Daga baya suka riƙa sa shi cikin manyan tukwanen tangaran, ana kallonsa daga sama. A ƙarni na 17 ya iso Turai.

Akwatin gilashi kuwa a Ingila ya yi suna. A cikin 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa in aka dasa ciyawar ruwa tare da kifi a mazubi guda, ciyawar za ta ba da iskar da kifin ke shaƙa, ƙananan dodon koɗi kuma su cinye abin da ya ruɓe, ruwan ya daɗe bai lalace ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi don jama'a su shiga kallo, shi ne na farko irinsa a duniya. Da shekara ta kewayo, a 1854, Philip Henry Gosse ya buga littafi a kan wannan sha'ani, shi ne kuma ya yaɗa sunan akwariyam da Turawa ke kiran akwatin da shi. Daga nan sai abin ya shiga gidaje.

Kifayen da a ke ajiyewa kashi biyu ne. Akwai na ruwan sanyi, kamar kifin zinariya. Akwai kuma na ƙasashen zafi, waɗanda asalinsu daga kogin Amazon ne, ko Tailan, ko tafkin Malawi da na Tanganyika. Su waɗannan sai an sa musu na'urar ɗumama ruwa, yawancinsu suna son zafin digiri 24 zuwa 26. Har kurungu na taɓa gani a wani kanti, ɗan'uwan wanda a ke kamawa a kogunanmu, an rubuta kuɗinsa a jikin gilashi. Na tsaya na daɗe ina kallonsa, kamar na gamu da ɗan garinmu.

Ruwa a ke kiwo

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Wanda ya sa kifi a akwati, a gaskiya ruwan ya ke kiwo. In ruwan ya yi lafiya kifin ya yi, in ya ɓaci kifin ya tafi.

Dalili kuwa shi ne, kifi a kogi ba ya zama cikin ƙazantarsa, ruwa yana wucewa da ita. A akwati ba inda za ta je. Kifi yana fid da wani dafi da a ke kira amoniya, ta gefen kansa inda ya ke numfashi da kuma ta kashinsa. Ragowar abinci ma in ta ruɓe shi ta ke zama. Ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙone masa wurin numfashi. Abin da ke ceton kifin shi ne waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira bakteriya. Suna zaune cikin soson na'urar tace ruwa da jikin tsakuwar da a ke shimfiɗawa a ƙasan akwati. Wani irinsu yana juya amoniya ya zama naitirait, shi ma dafi ne. Wani irin kuma ya juya wannan ya zama naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce, har ciyawar ruwa tana cinsa kamar taki.

Waɗannan halittu ba sa taruwa dare ɗaya. Sai sabon akwati ya yi kamar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zai isa. Saboda haka wanda ya sayi akwati da kifi rana guda, ya cika shi maƙil, ya shirya wa kansa baƙin ciki. Har wa yau ruwan famfo yana da maganin kulorin, wanda a ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Gare mu alheri ne, amma yana cutar kifi, yana kuma kashe waɗancan halittu masu amfani. Don haka akwai maganin da a ke ɗigawa a ruwan famfo kafin a zuba shi.

Aikin mai kiwo bai wuce wannan ba. Kowane mako ya kwashe kamar rubu'in ruwan, ya mai da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Ya ba da abincin da za su cinye cikin minti biyu, kada ya ƙara, don yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin gida. In soso ya toshe, ya ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da ya kwasa. Kuma ya riƙa auna ruwan da wani magani mai sake launi, wanda ke nuna ko dafi ya taru. Ƙaramar ƙwaryar gilashin nan da a ke zanawa a littattafan yara ba ta dace da kifin zinariya ba, gama yakan kai tsawon taƙi guda ko fiye, in ya sami kulawa kuma ya yi shekara 10 har 20.

Yadda na koya

Ni da tsada na sayi wannan ilmi. 'Yata tana da shekara shida ta matsa mini, na sayo mata akwati mai cin lita 60, da ƙananan kifaye shida masu jela kamar mafici. Kowanne ta raɗa masa suna. Da ta tashi da safe wurinsu ta ke fara zuwa. Muka yi wata biyar lafiya lau.

Ran nan muna jiran baƙi, na dubi akwatin na ga tsakuwa ta yi kore. Ni kuwa malamin makaranta ne, an hore mu da duba farce da tsabtar aji. Na kwashe kifayen a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwa da soso a famfo har suka yi fes. Baƙi suka yaba. Kwana uku sai ga kifaye sun taso sama suna haki. Kafin mako ya cika huɗu sun mutu, ruwan kuwa garau kamar hawaye. Da na kai ɗan ruwan wurin mai sayar da kifi ya auna, ya tambaye ni abin da na yi, sai ya girgiza kai. Ya ce na wanke masu gadin gidan ne na zubar. Ruwa ba ya tsami banza.

Sa'ad da na farko ya mutu yarinyar tana makaranta. Na yi shawarar in ruga in sayo mai kama da shi kafin ta komo, yadda iyaye da yawa kan yi a nan. Uwarta ta hana. Ta ce in yarinya ta gane, ta yi rashi biyu, ga na kifi ga na yarda da maganarmu. Da ta dawo muka gaya mata. Ta yi shiru, can sai ta ce, "Baba, ni na kashe shi? Jiya na ƙara musu abinci ba ka gani ba." Na ce, "A'a, 'yata, ba ke ba ce. Ni ne na yi kuskure wajen wanki, ban sani ba." Faɗin wannan ya yi mini nauyi, amma da na yi shiru da ta ɗauki laifin da ba nata ba ta yi ta yawo da shi.

In kifi ya mutu

Abin da za a fara yi shi ne a cire gawar nan da nan, don in ta ruɓe za ta ƙara dafi. Sa'an nan a auna ruwan, a sake wani kashi nasa, a duba sauran ko akwai mai farin ɗigo a jiki kamar an barbaɗa masa gishiri, don wannan cuta ce mai yaɗuwa, tana kuwa da magani. Kada a yi gaggawar sayen wani sai an gane abin da ya kashe na farin.

Ba a jefa gawar a masai a kora da ruwa, ba a kuma kai ta kogi, don kada cuta ta kama kifayen waje. Akan binne ta da ɗan zurfi a lambu, ko a naɗe ta a sa a shara. Mai rai ma dokar ƙasar nan ta hana a sake shi a kogi ko tafki ba da izini ba. In kuwa kifi yana shan wahalar da ba ta da magani, sai a nemi likitan dabbobi, yana da abin da zai sa shi barcin da ba farkawa. Mu namu a gindin wata fure muka binne su, yarinyar ta ɗora tsakuwa huɗu.

Saura maganar zuciya. Me zai sa mutum mai hankali ya yi hawaye don kifi? Hausawa sun riga sun ba da amsa da suka ce sabo a ke yi wa kuka. Wanda ke zaune shi kaɗai a ƙasar sanyi, kullum ya buɗe ƙofa abin da ke tarbarsa ke nan. Kifin kuma ba gunki ba ne. Maganar da a ke yi wai yana manta kome bayan daƙiƙa uku ba gaskiya ba ce, an jarraba an ga yana tuna abu har watanni, yana kuma sanin lokacin abinci. A 2003 wata masaniya, Lynne Sneddon, da abokan aikinta a Edinbara suka nuna cewa kifi yana da jijiyoyin da ke sanar da shi rauni. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta haɗa har da kifin gida, ta ɗora wa mai shi nauyin ci da mazauninsa da lafiyarsa.

Wani sabon kuwa yakan yi tsawo ƙwarai. Akwai wani kifin zinariya mai suna Tish, wanda wani yaro ya ciwo a wasan kasuwa a 1956. Bai mutu ba sai 1999, a lardin Yokshaya, yana da shekara 43. Yaron da ya kawo shi gida ya riga ya zama dattijo. Saboda irin wannan ne ƙungiyar Blue Cross mai kula da dabbobi ta ke da wani sashe, inda wanda dabbarsa ta mutu zai buga waya ya sami mai saurarensa.

Mu ma in mun duba, abin ba baƙo ba ne gare mu. Ya zo a hadisi cewa ƙanen Anas ɗan Malik, wani yaro da a ke kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya yi baƙin ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai raina damuwarsa ba, ya kula shi, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. To, in haka ne, ba daidai ba ne a ce wa mai wannan rashi, "Kifi ne fa kawai." A bar shi ya ba da labarin abinsa. In kuskurensa ne ya jawo, ya karɓa, ya koya, kada kuma ya mai da shi bulalar dukan kansa, gama kusan duk mai kiwon kifi ya taɓa yin irinsa. In kuwa tsufa ne, to, kowane mai rai da kwanansa.

Kifaye biyun da suka tsira sun kai kusan shekara biyu, wanda shi ne gwargwadon kwanan irinsu, sa'an nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon yarinyar ta yi kuka kaɗan, ta share ido, ta ce a bar akwatin ya huta tukuna. Ni kuwa tun a makon da muka binne na farin na sauka wurin tsohuwar nan, na gaya mata abin da ya same mu. Ta dafa mana shayi, ta ɗauko hoton nata kifin, ta yi ta ba ni labarinsa har magariba. Ran nan ne na yi mata ta'aziyyar gaskiya.

Shawarata ga mai sha'awar wannan kiwo, Bature ne ko ɗan'uwanmu da ke zaune a nan, kafin ya sayi kifi ya tambayi abu biyu: girman da zai kai, da shekarun da zai yi. Sa'an nan ya shirya ruwan ya jira makonninsa. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da wani kogi sai wanda mai shi ya tanada masa, amana ce a hannunsa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.