Na'urar Tatsar Nono: Abin da Mai Jego Za Ta Duba Kafin Ta Saya

'Yan uwa mata da dama a nan Garwa, musamman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na Sodecoton, sun sha tambayarmu game da na'urar tatsar nono, wadda a kantunan magani ake kira tire-lait: wace iri ce ta fi dacewa? Amsarmu ita ce, a duba halin gida tukuna, wato ruwa da wuta da zafi, kafin a duba kuɗi ko sunan kamfani.

Dalilin tambayar a fili yake. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da kuma hutun shayarwa har na awa ɗaya a kowace ranar aiki, tsawon wata 15 bayan haihuwa. Alhali tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu. Ke nan uwa za ta koma aiki jaririnta bai kai wannan lokaci ba. Kuma aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa.

Na'urar iri biyu ce: ta hannu da ta lantarki. Ta lantarki ta fi sauri, ta fi dacewa da mai tatsa sau da yawa a yini, ko uwar bakwaini da ke kwance a asibiti. Amma kowa ya san yadda ake yawan ɗauke wuta a Arewa idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, don haka in za a saye ta, a nemi mai batir da ake caji. Ta hannu kuwa ba ruwanta da wuta, ga araha, ga sauƙin wankewa. Muna jan hankali a guji tsohuwar nan mai ƙwallon roba kamar hon ɗin keke, domin nono na shiga cikin robar, ba ta wankuwa sosai, sai ta zama gidan ƙwayoyin cuta.

Sannan a duba mazurarin da ake ɗorawa a kan mama. Yawancin na'urori na zuwa da mai faɗin milimita 24, amma ba kowace mace yake yi wa daidai ba. In ya matse, zai ji wa uwa ciwo. In ya yi faɗi, nonon ba zai fito sosai ba. Tatsa ba ta kamata ta yi zafi ba. In ta yi, a tuntuɓi ungozomar asibiti. Kada a ari na'urar da wata ta yi amfani da ita, ko da 'yar uwa ce.

Tsafta ita ce kan gaba. Duk ɓangaren da nono ya taɓa a kwance shi, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta bayan kowace tatsa, a tafasa shi sau ɗaya a yini, a shanya a wurin da ƙuda ba ya kaiwa. Ba mu manta da annobar kwalara ta 2010 a Arewa Mai Nisa ba. Masana sun ce nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, a firiji kuwa kwana 4. To, a Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Saboda haka a sa shi a firiji ko kula mai ƙanƙara nan take, in babu, a ba yaro ba da jinkiri ba. A ba shi da ƙaramin kofi, domin ya fi kwalba mai kan roba sauƙin wankewa.

Akwai kuma batun shari'a da sau da yawa ake mantawa. A mazhabar Imam Malik, idan nonon mace ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko, ko da sau ɗaya ne, ko da a kofi aka ba shi, ya zama ɗanta na shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta. A gidan yawa da ake haɗa firiji, wajibi ne kowace uwa ta rubuta sunan ɗanta da lokacin tatsa a jikin mazubin. In an yi kuskure, a sanar da iyaye da malami, a rubuta a ajiye.

Wadda ba ta da halin saye kada ta damu. Tatsa da hannu, bayan an wanke shi da sabulu, ta isa, kuma ita ta fi dacewa da dakashi a kwanakin farko. Ana koyar da ita a wurin awo. Magidanta kuma su tuna ciyar da mai shayarwa yana wuyansu. Allah Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, amin.