SIWES: Yadda ɗalibai ke sanin makamar aiki kafin kammala karatu

A kowace shekara, ɗalibai daga jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kuma kwalejojin ilimi a faɗin Najeriya kan bar aji na wasu watanni, su tafi masana'antu, ma'aikatun gwamnati, gonaki da ɗakunan gwaje-gwaje domin sanin makamar aiki. Wannan shi ne shirin da aka fi sani da SIWES.

Hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a shekarar 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, ita ce ta ɓullo da shirin a 1973. Abin da ya jawo hakan shi ne ƙorafin masu masana'antu cewa waɗanda suka kammala karatu suna zuwa musu da ilimin takarda, alhali ba su taɓa riƙe na'urar da za su yi aiki da ita ba.

A 1979 an miƙa shirin ga hukumar kula da jami'o'i ta NUC da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, kafin a mayar da shi hannun ITF a 1984, inda Gwamnatin Tarayya ke ɗaukar nauyinsa.

Shirin ya fi shafar masu karatun injiniya, aikin gona, kimiyya, gine-gine da koyar da sana'o'i. Ɗalibin jami'a kan yi watanni shida, yayin da na kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi kan yi watanni huɗu.

Makaranta ce ke ba ɗalibi wasiƙar neman gurbi. Da zarar an karɓe shi, sai ya riƙa rubuta aikin da ya yi a kowace rana cikin kundin da aka ba shi, mai kula da shi a wurin aikin ya duba ya sa hannu. Malami daga makarantarsa kan kai ziyarar gani da ido. Bayan ya dawo, ɗalibin zai rubuta rahoto, a ba shi maki kamar kowane darasi.

Amfanin shirin ya wuce koyon sarrafa na'ura. A nan ne matashi ke fara sanin cewa makarar minti goma na iya tsayar da aikin mutum goma. A nan yake koyon karɓar umarni da gyara ba tare da ɓacin rai ba, da yadda ake rubuta rahoto a taƙaice, da yadda ake magana da abokin ciniki, da kiyaye dokokin kariya daga haɗari, da riƙe sirrin ma'aikata. Waɗannan halaye ne masu ɗaukar aiki ke dubawa, kuma takardar shaidar karatu ba ta nuna su.

Sai dai shirin na fuskantar matsaloli. Rufe masana'antu da dama, kamar masaƙun Kaduna da Kano, ya rage guraben da ɗalibai za su samu. Wasu kan samu gurbi a inda bai dace da fannin karatunsu ba, su ƙare da zuwa aike da kwafar takardu. Ɗalibai sun kuma sha kokawa kan jinkirin biyan alawus ɗin da aka tanadar musu.

Babbar asarar ita ce ta ɗalibin da ya zauna a gida, sannan ya nemi wanda zai buga masa hatimi a kundinsa. Zai iya samun maki, amma ranar ganawar neman aiki, idan aka tambaye shi abin da ya yi da hannunsa, ba shi da amsa.

Don haka ya kamata ɗalibi ya fara neman gurbi da wuri, ya fifita ƙaramin wurin da za a bar shi ya taɓa aiki a kan babban ofishin da zai wuni a zaune. Ya yawaita tambaya, ya cika kundinsa da gaskiya, kuma kafin ya tafi ya nemi wasiƙar shaida daga wanda ya kula da shi. Sau da yawa wurin da ɗalibi ya nuna ƙwazo shi ne ke fara tunawa da shi idan gurbin aiki ya samu.