Ranakun Fita a Ƙasar Kano

Bakano ba ya jiran sai ya tara kuɗin jirgi kafin ya fita ya sha iska. Shekararsa tana da ranakun da kowa ya san na fita ne, wasu tsayuwar wata ke kawo su, wasu kuwa ruwan sama da amfanin gona. Yaro yana tasowa yake sanin su ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba. Ya san bayan azumi akwai yawon Sallah, bayan Mauludi akwai hawan Dala, in gero ya nuna kuma za a je ƙauye cin tumu. Duk cikinsu babu wadda mutum yake yi shi kaɗai. Wanda aka gani yana yawon Sallah ba aboki ba ɗan'uwa, sai an tsayar da shi an tambaye shi ko lafiya.

Yawon Sallah na yara ne kafin ya zama na manya. Tun ana saura kwana uku 'yan mata sun yi kitso sun yi ƙunshi, samari kuwa sun tare a shagon tela suna gadin ɗinkinsu. Da an sauko daga Idi an ci tuwon shinkafa da miyar taushe, sai uwa ta jera kwanuka ta fara rabon aike: wannan na gidan Baffa, wannan na Gwaggo, wancan babban na Hajiya ne, kada a karkata shi. Yaran gida su fita a jere, babbar cikinsu riƙe da hannun autansu. Kwanon da ya fita da tuwo ba ya dawowa fanko. Ko waina, ko cincin, ko soyayyen nama in Babbar Sallah ce, wani abu dai zai biyo shi, su kuma 'yan aiken a ba su goron Sallah.

A gidan kaka ake daɗewa. Tsohuwa na hango jikanta namiji za ta ce, “Maigida, sai yanzu ka ga damar zuwa? To ina cefanena?” Ita kuwa jika mace kishiya ce, sai an yi mata tsiya a kan ɗaurin ɗankwalinta kafin a kwance bakin zane a ba ta nata rabon. Da magariba yara su baje a zaure suna ƙirga abin da suka samo, ana musun wanda ya fi.

Ni a ganina babu makarantar dangi da ta kai wannan. Yaron da ya yi ta kai tuwo gidan Gwaggo a Yakasai tun yana ƙarami ba zai girma ya ce bai san ƙofar gidan ba, kuma ranar da aka yi rasuwa ko haihuwa a can ba sai an yi masa kwatance ba. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, irin wannan tafiyar suke nufi.

Washegarin Sallah sai gari ya karkata fada. Ranar ce ta hawan Daushe, Sarki ya fita ya gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, gidan da ya samo sunansa daga Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A nan hakimai suke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna jahi. Rana ta uku hawan Nasarawa, Sarki ya kai gaisuwa gidan gwamnati ya zaga ta unguwannin wajen ganuwa, daga baya kuma a yi na Dorayi ko na Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan hawa cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma ya cancanta. Sai dai wanda ya tsaya kallon 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai cikin ja da kore kawai, rabin hawan ya gani. Sauran rabin yana gefen titi: uba ya saɓa ɗansa a wuya don ya hango laimar Sarki, samari sun ɗare katanga, mata na guɗa idan hakimin garinsu ya zo wucewa, mai rake da mai zoɓo suna ratsa jama'a. In 'yan bindiga suka saki harbi, yara su toshe kunne su ruga, kafin hayaƙin ya baje sun dawo inda suke. Abokan da suka yi shekara ba su haɗu ba a nan suke cin karo, a tafa, a tsaya tambayar iyali har dawakin su wuce ba su lura ba. A 2020, da annobar korona ta hana hawa, an ci tuwo an sa sababbin kaya, amma Kanawa da yawa sun ce ba su ji sun yi Sallah ba.

Waɗanda ba su son ƙura da turereniya sukan nufi Gidan Zoo, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai mulkin jihar daga 1967 zuwa 1975. Magidanci ya cika A-daidaita-sahu da yara, har da na maƙwabta, uwargida ta riƙo kular abinci, a shimfiɗa tabarma a inuwa. Masu hali kan miƙa har bakin madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974. A irin wannan cunkoso ba a rasa yaron da ya ɓace, shi ya sa kwanakin Sallah gidajen rediyo ke cika da cigiya, kuma wanda ya tsinci yaro ya san gidan mai unguwa zai kai shi.

Akwai wata fita da ta fi kwanta mini a rai, ita ce ta Takutaha. Ranar 19 ga Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, wadda ake ɗauka ranar sunan Manzon Allah (SAW), mutanen cikin birni sukan yanka kaji, a yi girki, ɗaliban Islamiyya su zaga unguwanni cikin kayan makaranta, da rana ta yi sanyi kuma a nufi Dutsen Dala. Malamai suna da saɓani a kan bikin, kowa kuma da abin da ya fahimta, amma hawan dutsen ya daɗe da zama al'adar gari. Dala shi ne tushen Kano. A kansa Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Yau an yi masa matakala, tsoho na hawa yana hutawa, yara na wuce shi da gudu suna yi masa sannu. In an kai sama sai birni ya shimfiɗu a gaban mutum: ga Gwauron Dutse ta yamma, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rumfunan Kurmi a cunkushe. Abin da yaro ke fara nema shi ne rufin gidansu, kuma da wuya ya gano shi, sai dai ya nuna wani ya rantse shi ne. Dattijon da ya zo da jikoki kuwa sai ya miƙa hannu yana nuna musu inda ganuwa ta bi, nan Ƙofar Mazugal, can Ƙofar Ruwa, gaba Ƙofar Waika. Abin takaici, a wasu shekarun ɓata-gari kan cusa kansu cikin taron su tsorata mata da yara, har wasu iyaye suka daina barin 'ya'yansu su je.

Watan Muharram yana zuwa da cika-ciki. A dafa tuwo da yawa, a fito da wutsiyar ragon layya da aka adana, kowa ya ci ya ƙoshi, sannan taubasai su shiga bin juna kuɗin shara. Ɗan mace da ɗan namiji su haɗu a yi ta zolaya, babu mai fushi, domin wasa ne da aka gada. Haka yake tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare. Mutum ya taso takanas daga unguwarsu don kawai ya je ya tsokani taubashinsa ya dawo. Tashe ma fita ce, ta dare. Daga goma ga azumi yara sukan bi gida-gida bayan shan ruwa da gemun auduga da tsummokara, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, gwagware kuwa su shiga ɓuya kada Nalako, sarkin gwagware, ya riske su.

Ranakun da ruwan sama ke kawowa ba su da kwanan wata, sai dai a dubi gona. Kusan kowane gida a birni yana da ƙauyen da ya fito, ko gonar gado a Gezawa, ko dangin uwa a Bichi, ko aboki a Dawakin Kudu. Damina na yin nisa za a fara aiko da saƙo cewa masara ta yi, a turo yara. Wanda bai taɓa cin tumu a bakin gona ba, an bar shi a baya. A karyo zangarniyar gero tun yana ɗanye, a hura wutar kara, a babbaka, a murje a tafin hannu a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Ga dafaffiyar gyaɗa, ga gurjiya, ga takanɗa, ga yalo. Yaron birni a nan yake fara sanin bambancin gero da maiwa, ya ga yadda ake ɗaure dami, ƙaiƙayi ya sa shi susa ya yi kuka 'yan'uwansa na ƙauye su yi masa dariya, gobe kuma shi ne kan gaba wajen tafiya gona.

Da an kai amfani rumbu sai ƙauye ya ɗauki harama. Aljihu ya yi nauyi, bukukuwan aure su yawaita, samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, su naɗa sarakunansu na wasa a yi kwanaki ana kiɗa. Mahauta su fito da 'yan dambensu suna bin gari-gari, manoma su kafa kokawa a dandali. Kasuwa ma wurin fita ce: Juma'a a Wudil, Lahadi a Ɗambatta. Da yawa daga masu zuwa ba saye ne ya kai su ba. Za su ci tsire, su sha fura, su ji farashin shanu, su gaisa da mutanen da ba a gani sai ranar kasuwa.

In hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, fitar takan taƙaita zuwa ƙofar gida. A tara kara a hura wuta ana jin ɗumi, a binne dankali a toka, tsofaffi mata su buɗe labarin Gizo da Ƙoƙi. Lokacin kanya ne da magarya da soyayyiyar fara. Masu lambu a Kura da Kadawa, da ruwan Tiga ke shayarwa, su gayyaci abokai a je a tsinko tumatir a dawo da shi a bayan babur. Bazara kuwa ba a son yawo, sai shan mangwaro a inuwar darbejiya da kwana a tsakar gida.

Abin da ke riƙe duk waɗannan shi ne majalisa. Kowace unguwa tana da dakalinta ko bencin mai shayi inda sa'o'in juna ke haɗuwa bayan la'asar ko bayan isha'i, wasu tun suna makarantar allo suke tare. A nan ake yanke shawarar inda za a tsaya kallon hawa, da motar da za a shiga zuwa ɗaurin aure, da wanda za a je dubawa a asibiti. Wanda bai fito kwana biyu ba, a rana ta uku majalisar ce za ta tashi ta same shi a gida.

Yanzu abubuwa sun sauya, kuma ba duka ne laifin mutane ba. Kuɗin mota ya yi tsada, wasu hanyoyin ƙauye ba a bin su da kwanciyar hankali, gari ya faɗaɗa har dangi sun yi wa juna nisa. Sababbin unguwanni sun zo da dogayen katangu, yaro ya yi shekara bai shiga gidan maƙwabci ba. Barka da Sallah ta koma saƙon WhatsApp da ake tura wa mutum ɗari a lokaci guda, goron Sallah kuma a tura ta banki. Ban ƙi wannan ba ga wanda ke Legas ko Jidda. Amma wanda ke Hotoro, gwaggonsa na Mandawari, ba shi da hujja.

Ya kamata hukuma ta kula da Dala, ta gyara matakalarsa, ta sa tsaro ranar Takutaha yadda uwa za ta hau da goyonta ba fargaba. Iyaye kuma, Sallar da ke tafe ku cika kwano ku ba yara su kai da ƙafarsu, in gero ya nuna ku tura su ƙauye ko da na kwana biyu ne.