Daren da ayarin Abdulkarimu ya bar Zakka

A ƙarshen watan Maris na 1853, bazara ta kankama, wani ayari ya sauka a Zakka. Daga Katsina ya taso, Sakkwato ya dosa. Galadiman Sakkwato ne a gaba da mahayansa, domin shi ke duba al'amuran Katsina a madadin Sarkin Musulmi, ya gama abin da ya kawo shi zai koma gida. Cikin masu bin sa akwai wani Bature ɗan shekara 32 da ke amsa sunan Abdulkarimu, da wani yaro Bahaushe wanda shekarunsa ba su wuce 13 ba, ana ce masa Dorugu. Kowa a ayarin ya san daga bayan ganuwar Zakka sai daji, ga shi kuma rundunar Gobirawa ta fito yaƙi.

Ainihin sunan Baturen Heinrich Barth, mutumin Hamburg ta ƙasar Jamus, amma gwamnatin Ingila ce ta turo shi. Su uku suka taso daga Tarabulus a 1850, aikinsu shi ne su ga biranen ƙasar Sudan, su rubuta abin da suka gani, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna. Shugaban tafiyar, James Richardson, ya rasu a 1851 kafin ya kai Kukawa. Na biyun, Adolf Overweg, zazzaɓi ya kashe shi a bakin Tafkin Chadi a 1852. Barth ya rage shi kaɗai. Wani da ya binne abokan tafiyarsa duka sai ya juya gida, shi kuwa sai ya ɗaura aniyar Tumbuktu. Ya bar Kukawa a watan Nuwamba na 1852, ya bi ta Damagaram, ya iso Katsina a farkon Fabrairu.

Shi Dorugu, gadonsa Barth ya yi. An haife shi a Dambanas cikin ƙasar Damagaram, mahara suka kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa. A can Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu, sai su biyun suka koma hannun Barth.

Wannan ne zuwan Barth Katsina na biyu. A na farko, cikin Janairun 1851, ya zo hannu rabbana, Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki ana ja-in-ja a kan gaisuwa. Yanzu ya zo da guzuri, ya shiga kasuwa ya yi sayayya ta mai dogon zango: rigunan Nufe, turkuɗi, rawuna, salkunan ruwa, da tabar Katsina wadda ake nema har Tumbuktu. Ya lura da cewa ganuwar birnin ta kai kimanin mil 13 a kewaye, amma mutanen da ke ciki ba su fi 7,000 zuwa 8,000 ba, sun taru a kusurwa guda, saura duk gonaki da kangwaye. Birnin da a da fataken Arewacin Afirka ke sauke kaya a cikinsa ya koma sansanin bakin iyaka, ciniki ya ƙaura Kano. Duk da haka ya yaba Hausar Katsinawa, ya ɗora ta a kan ta ko'ina.

Abin da ya zaunar da su a Katsina fiye da wata guda shi ne hanya. Tun da masu jihadi suka ci birnin a 1807 Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarautar Katsina ya yi arewa ya kafa Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama, sun sake tattaruwa a Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Daga waɗannan garuruwa biyu ake fitowa hari. Da an gama kaka, ƙasa ta bushe, sai a ɗaura sirdi. Galadima bai yarda ya fita ba sai da aka sami labarin inda rundunar ta sa gaba, kuma ko da suka tashi ran 21 ga Maris, ba su miƙe yamma ba. Kudu suka fara yi, suka bi ta Kuraye da Kurfi. A Kurfi Barth ya tsaya yana kallon yadda aka tsare gari, ganuwa da gwalalo bayan gwalalo a gindin duwatsu, aikin mutanen da suka san abin da suke tsoro. Daga nan suka karkata suka iso Zakka.

Dajin da ke gabansu bai daɗe da zama daji ba. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, wanda ya yi sarauta daga 1836 zuwa 1844, Sarkin Maraɗi Ɗan Mari ya shigo ƙasar Katsina, garuruwa da dama na yankin Ruma suka yi masa mubaya'a, suka juya wa Siddiku baya. Aka gwabza, Ɗan Mari ya sha kashi a wajen Matazu ya koma. Siddiku ya huce fushinsa a kan garuruwan da suka bi shi. Aka rushe, aka kama, waɗanda suka tsira suka watse. Gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi, rijiyoyi suka rufta. Haka ƙasar da ke tsakanin Katsina da Zamfara ta zama abin da yau ake kira Dajin Rugu. Abin da Siddiku bai hanga ba shi ne ya share wa abokan gabansa hanya. A da maharan Maraɗi sai sun ratsa ta gaban garuruwa masu ido da kunne, yanzu kuwa suna iya tafiyar kwanaki a cikin duhuwa ba wanda ya gan su, sai dai a ji su a bakin gari.

To a bakin wannan daji Zakka take, gari mai ganuwa, inda matafiyi ke cika salka ya sake ɗaurin kaya ya yi shawara da zuciyarsa. Wani baran Barth, Balarabe, ya yi tasa shawarar. Ya dubi abin da ke gaba, ya sulale ya bar ubangidansa a nan Zakka. Mutumin da ya jure Sahara, ya zo bakin Rugu ya ce a kai kasuwa. Dama an ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Dorugu da Abbega, yaran da suka riga suka san ɗacin a kama mutum a sayar, su ba su da inda za su gudu, suka bi raƙuma.

Tafiyar ta haɗa da dare, kuma duk wanda ya taɓa jan dabba mai kaya cikin sarƙaƙƙiya ya san abin da wannan ke nufi. Reshen farar ƙaya ya kama mangala, igiya ta saki, kaya su zube, a tsaya a ɗaure cikin duhu da lalube. Raƙumi ba ya durƙusawa shiru, sai ya yi ruri, kuma a irin wannan dare kowane ruri kamar shela ne ga wanda ake ɓuyar wa. Ba damar hura wuta, ba damar jiran wanda ya gaji. Suna tafe suna wuce kufan garuruwan da yaƙi ya cinye, wuraren da 'yan shekaru kaɗan baya ake daka ana kiran salla. A tuna fa, wannan ba ayarin fatake 'yan tsiraru ba ne. Babban hakimin Sarkin Musulmi ne da dawakinsa, a cikin ƙasar da ake karanta huɗuba da sunan ubangidansa, amma sai da ya saci hanya. Allah ya kiyaye, suka ɓulla Bunka, suka shiga Zurmi.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. Sun bi ta Badarawa da Sansanin Isa, sannan suka faɗa dajin Gundumi. A can suka yi tafiyar awa 26 ba zango. Da suka fito, a Gawasu suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kafa sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Ya karɓi Barth hannu biyu, ya ba shi takardar izinin wucewa, ya amince 'yan kasuwar Ingila su yi ciniki a ƙasarsa. A farkon Afrilu suka shiga Wurno.

Sauran tafiyar ta shahara. A Gwandu Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan, littafin tarihin Songhai, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Ya haye Kwara a Say cikin watan Yuni, ya shiga Tumbuktu ran 7 ga Satumba, 1853, inda ya shafe watanni ransa na hannun Allah, Shehu Ahmad al-Bakka'i na kare shi daga masu son ganin bayansa. A Turai har an yanke ƙauna an ce ya mutu. Sai ga shi a Landan a watan Satumba na 1855. Littafin tafiyarsa ya fito juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, kuma a cikinsa sunan Zakka ya shiga taswirar da ake bugawa a Turai, tsakanin Kurfi da Zurmi.

Yaran biyu ma sun je Turai tare da shi. Dorugu ya zauna a Ingila wajen wani malamin mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ke fama da rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Daga bakin yaron nan Schön ya ɗebi kalmomi da tatsuniyoyi, ya kuma sa shi ya ba da labarin rayuwarsa tun daga ranar da aka kama shi har zuwa abin da ya gani a biranen Turawa. An buga labarin a cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin daɗaɗɗun labaran rayuwa da aka rubuta da Hausar boko. Wato yayin da Bature ke rubuta yadda ya ga Katsina da Kano, Bahaushe ma ya bar nasa bayanin na yadda ya ga Landan. Dorugu ya dawo gida a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa har sarautar Lakwaja ya yi.

Shi dajin, sai bayan da Turawa suka ci Katsina a 1903, aka ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, hari ya tsaya, sannan mutane suka fara komawa. Aka sake sare gonaki, ƙauyuka suka tsiro, Fulani suka sami wurin kiwo, Batsari ta yi suna da rogo. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Amurka, ta keɓe yankin Ruma da Kukar Jangarai domin makiyaya, aka yi madatsun ruwa da wuraren shayar da dabbobi, aka kuma kafa dokar makiyaya ta 1965. Daga baya aka yi watsi da aikin. Madatsai suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, hukuma ta janye ƙafa, ɓarayin shanu suka maye gurbinta, bindiga ta shigo.

Abin da ya biyo baya mutanen Safana da Batsari da ke bakin dajin ba sa bukatar a ba su labarinsa. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi da 'yan bindiga a 2019 bai kai ko'ina ba. Ran 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari, aka rufe kasuwannin dabbobi, mai son ya ji muryar ɗansa sai ya hau mota ya nemi inda sabis yake. A Janairun 2025 aka yi wa jami'an tsaron al'umma kwanton ɓauna a Baure cikin Safana, mutum 21 suka rasu. A shekarar dai aka sake zaman sulhu a Batsari da Safana.

Ko sulhu ya ɗore ko bai ɗore ba, labarin Siddiku ya nuna inda ya kamata a sa ido. Duk ƙauyen da ya tashi, mutanensa suka koma Dutsin-Ma ko Katsina suna raɓe a gidajen dangi, dajin ya ƙaru da faɗin gonakinsu, mahari kuma ya ƙara samun zangon da ba mai ganin sa. Saboda haka lissafin bindigogin da aka miƙa a wurin taro bai kai lissafin ƙauyukan da aka koma ba: nawa ne aka yi shuka a cikinsu bana, nawa ne malamin firamare ke kwana a cikinsu, kasuwa nawa ke ci har la'asar. Sarkin Musulmi ya tuɓe Siddiku a 1844, amma tuɓe shi bai mayar da ko gari ɗaya ba. Sai da aka shafe kusan shekara 60 mahara na bin hanyar da ya buɗe musu kafin manoma su sake kafa bukka a wurin.